Rabo Daidai a Gidan Uwar Biyu

Ni mai cajin waya ne a Akokan, kusa da Arlit, sunana Siddiƙ. Rumfata tana gefen tashar da manyan motocin Tchibarakaten, wurin haƙar zinariya, ke lodi. Ina caji, ina tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memuwar, wato katin ajiya na waya, ina kuma jin abin da ya shafe ni da wanda bai shafe ni ba. Abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Gidan Malam Halidu yana bayan rumfata, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tsohon ma'aikacin ramin uraniyum ne, tun da aka rufe ramin ya koma zaman fada, wurin hira da shan shayi, da tari. Matarsa Hansai mutuniyar Tawa ce, ba mai kiran sunanta, Uwar Biyu ake ce mata. 'Yan biyun su ne Alhassane, wanda muke ce wa Lasan, da Alhusaini. Samari ne da ba su cika ashirin ba, fuska ɗaya, tsawo ɗaya, murya ɗaya. Da yake su ne 'ya'yanta na fari ba ta faɗin sunansu, Lasan shi ne Babba, Alhusaini shi ne Ƙarami.

Uwar Biyu tana riƙe da al'adar 'yan biyu da hannu bibbiyu. Ba ta taɓa saya wa ɗaya takalmi ta bar ɗaya ba. In an yanka kaza, cinya ɗaya-ɗaya. In ɗaya ya yi zazzaɓi aka ba shi magani, sai ɗayan ma ya lasa. Ta yarda ƙwarai cewa 'yan biyu suna da kofi: in ka fifita ɗaya, ran ɗayan ya ɓaci, to tukunyarka za ta ƙi tafasa, ko kunama ta same ka inda ba ka zata ba. Kowa a unguwa yana yaba mata da adalci. Ni ma na yaba, kafin in ga yadda ake yin adalcin.

Lasan ɗan kabu-kabu ne, mai baki, mai abokai, in ya shigo rumfa sai kowa ya san ya shigo. Alhusaini kuwa in ya zauna a lungu da wayarsa sai ka manta da shi. Ashe a lungun nan littafi yake rubutawa.

Sunan littafin 'Yargata da Masu Fitila. Labarin 'Yargata ne, wata yarinya da akuyarta ta ɓace, ta bi sawunta har cikin ramin da aka rufe, ta yi ta gangarawa har ta iske wani gari a ƙarƙashin ƙasa. Mutanen garin da fitila a goshi ake haihuwarsu, kuma duk wanda ya yi ƙarya fitilarsa dusashewa take. Mai yi mata jagora wani tsohon damo ne, Amastan, mai son shayi da gardama, wanda ba ya amsa tambaya sai an gaishe shi da Tamajak, yaren mutanen hamada. Alhusaini yana rubuta babi ya sa a grup ɗin waya, sannan ya karanta shi da murya, tunda yawancin yaranmu Faransanci suka koya a lakwal, wato makarantar boko, karatun Hausa yana yi musu nauyi. Muryar ce nake tura wa mutane.

Ban taɓa ganin abin da ya kama yaran garin nan haka ba. 'Yan lise, wato ɗaliban sakandare, suna tashi sai rumfata. Wata Fadimata ce shugabarsu, ita ce mai sharhi, ita ce mai faɗa da duk wanda ya ce Amastan mayaudari ne. Yara ƙanana suna ɗaura tocila a goshi suna bin lungu. Har manya. Akoli, wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mutumin Dannet, in ya dawo daga hanya ko wanka ba ya yi sai ya zo.

"Siddiƙ, sa mini yarinyar nan," in ji shi. "Ta shiga rami ba ta fito ba, ni kuma tun daga Tchibarakaten hankalina yana wurinta."

Saƙonnin murya suka riƙa shigowa wayar Alhusaini daga Arlit, daga Agadas, har daga masu haƙar zinariya. Wata ta ce tun da babanta ya rasu ba ta iya duban hanyar ramin sai da ta ji labarin nan. Alhusaini yana saurare yana sunkuyar da kai yana murmushi, kunya kamar ta kashe shi.

Da farko Lasan daɗi ya ji. Ana tsayar da shi a hanya ana yi masa sannu da aiki, yana amsawa da fara'a. Wata rana ya tsaya da babur a bakin rumfata, Fadimata ta tare shi da ƙawayenta.

"Don Allah faɗa mana gaskiya, Amastan mutum ne aka mayar damo ko?"

Lasan ya yi dariya, ya gyara hula. "Ku dai ku bari, in ya tashi zai ci ubansu duka."

Fadimata ta dube shi sama da ƙasa, ta juya wajen ƙawayenta. "Ku zo mu tafi, ɗayan ne."

Na ga fuskarsa a lokacin. Tun haihuwa ba wanda ke iya bambanta su sai an faɗa, kuma in za a kira su sunansa ake fara kira. Yau yarinya ta bambanta su da magana ɗaya, kuma shi ne ya zama ɗayan. Sunan ya bi shi. In ya wuce sai ka ji yara suna tambayar juna, mai Amastan ne ko ɗayan?

Daga nan Lasan ya fara kumburi. Ya daina gaishe ni. In wayar Alhusaini ta yi ƙara sai ya yi tsaki ya tashi. A gida ya fara ture kwano. Uwar Biyu kuwa ba abin da ke tayar mata da hankali kamar Babba ya ture kwano. Ta katanga na ji hukuncin farko.

"Ƙarami, mi ya sa sunanka kaɗai aka hwaɗi cikin abin nan?"

"Inna, ni nake rubutawa."

"Ciki guda kuka kwana. Abin da ɗaya ya samu na biyu na. Daga yau ka sa sunan ɗan'uwanka, kuma nashi za ka hwara sawa, shi na babba."

Alhusaini bai yi musu ba. Daga ranar kowane babi da haka yake farawa: daga Alhassane da Alhusaini. Ta sa shi ya koma tsofaffin babobin ma ya sake karanta su da sabon farko, ni kuma aka aiko mini in share na da. Na share. Na ce a raina suna ne kawai, ba zai rage komai ba.

Bai wadatar ba. Masu saurare ba su bi hukuncin Uwar Biyu ba, saƙo dai Alhusaini, Alhusaini. Lasan ya ce ana yi masa dariya, an sa sunansa kamar na mabaraci. Sai hukunci na biyu ya fito: babi ɗaya-ɗaya, kamar cinyar kaza. Wannan makon Babba, mako mai zuwa Ƙarami.

Alhusaini ya zo rumfata ya zauna. Can ya ce, "Malam Siddiƙ, bai ma san sunan akuyar ba. Bai taɓa sauraron babi guda har ƙarshe ba."

"Ka gaya wa Inna?"

"Na gaya mata. Ta ce in koya mishi, ai ni mai haƙuri ne."

Wannan kalmar ita ce igiyar da aka ɗaure yaron nan da ita tun yana goye. Kai mai haƙuri ne.

Babin Lasan na farko ya fito. 'Yargata da muka sani da sanda da goran ruwa sai ga ta da bindiga da mota mai gudu a ƙarƙashin ƙasa. Mutanen da ba sa iya ƙarya suka koma zage-zage irin na 'yan tasha. Muryar kuwa ita ce dai, ko ni da nake tura ta ba zan ce ga bambanci a sauti ba. Amma kafin a yi nisa Fadimata ta cire abin kunne ta ajiye.

"Wannan ba shi ba ne. Ɗayan ne."

Grup ya kama da wuta. Wani ya ce wa ya ba ɗan kabu-kabu makullin ramin. Wata ta ce a mayar musu da 'Yargatarsu. Mako na gaba Alhusaini ya ɗinke ɓarakar da dabara, ya ce hayaƙin ramin ne ya sa 'Yargata mafarkin mota. Mutane suka yi ta dariya suna yaba masa. Masu zuwa rumfata suka fara cewa in tura musu na Alhusaini kaɗai, in tsallake na tsakiya. Lasan yana zaune bisa babur yana ji.

Ba zan ce ban tausaya masa ba. Yana ƙoƙari, na gan shi yana cizon yatsa yana gogewa yana sakewa. Abin ne dai ba nasa ba, kamar yadda Alhusaini ba zai iya ratsa kasuwa da babur da buhu biyu a baya ba. Da an bar shi da baburinsa da tuni ya huce. Amma a gida kullum ana gaya masa rabinsa ne, haƙƙinsa ne, to yaya ba zai ji an ci masa haƙƙi ba?

Da ya ga ba zai samu yabon ba, sai ya nemi abin da aka fi so ya sa hannu a kai. A babinsa na gaba ya kashe Amastan. Ba yaƙi, ba dalili. Dutse ya faɗo ya murƙushe kan damon, wani ya feɗe shi ya gasa, aka ci da yaji. Har dariya ake ji a muryarsa wajen yajin.

Ranar rumfata ta zama gidan makoki. 'Yan mata suna kuka da hawaye na gaske. Wani yaro ya cire tocilar goshinsa ya buga da ƙasa. Akoli ya saurara, ya cire rawani daga baki, ya tofar da yawu.

"Wanda ya yi wannan ba shi da uwa," in ji shi.

Na ce masa yana da ita, ita ce ma ta ba shi wuƙar.

Alhusaini a wurina ya ji babin, don Lasan bai nuna masa ba kafin ya tura. Ya saurara har ƙarshe. Ya tashi ya shiga gida, na ji muryarsa ta katanga, karo na farko da na taɓa jin ya ɗaga ta.

"Inna, ya kashe mini Amastan!"

"Wa ya mutu? Inna lillahi, ɗan wa?"

"Damon cikin littafin."

Sai ta ce, "Kan damon ƙarya kake ɗaga ma ɗan'uwanka murya? Ka yi wani mana. Damo ya ƙare a daji?"

Bai tayar da Amastan ba, ko da yake rabin garin sun roƙe shi. Ya ce mutuwa mutuwa ce, ko a littafi. Sai ya rubuta jana'izarsa. 'Yargata ta tattara ƙasusuwan a cikin butar shayin tsohon, Masu Fitila suka raka ta, kowa ya rufe goshinsa da hannu har garin ya yi duhu, ta yi masa gaisuwar Tamajak ɗin da kullum take kuskurewa, wannan karon ta faɗe ta daidai, ba mai amsawa. Wallahi ni da furfurata sai da na juya baya na share ido. Babin nan ya fi kowane yawo. Direbobi suna sa shi a lasifika. Wani gidan rediyo a Arlit ya aiko yana neman wanda ya rubuta shi ya zo ya riƙa karantawa duk mako.

Abin da Lasan ya yi don ya karya ɗan'uwansa shi ya ƙara ɗaga shi. Ya kwanta a ɗaki ya juya wa ƙofa baya, ba ci ba fita aiki. Uwar Biyu ta dama fura, ta yi dambu, ta soya nama, kwano yana shiga yana fitowa yadda ya shiga. Maganar rediyo kuwa ta yanke ta a tsaye: ko su je su biyu ko kowa ya zauna. Mutanen rediyo suka ce mai jana'izar damo suke so. Aka zauna.

Ana cikin haka, wata safiya ta sa hannu cikin itace za ta hura wuta, kunama ta harbe ta.

Kowa ya san Akokan da kunama. Ni kaina ta harbe ni a cikin takalmi, ba ni da ɗan biyu ko a dangi. Amma Uwar Biyu tana riƙe da hannu tana ihu, ba likita take kira ba. "Ran Babba ya ɓaci! Na sani, na sani! Wagga ta gargaɗi ta!" Aka kai ta asibiti aka yi mata allura, ta dawo da hannu a kumbure da hukunci na uku. Ta karɓe wayoyin duka biyu, don kada a ce ta fifita wani, ta kulle a akwati. Littafi ya ƙare, ba mai ƙara babi.

Lasan ya tashi ya ci tuwo a ranar. Kafin mako ya zagayo wayarsa ta dawo hannunsa, wai masu hawa babur suna nemansa, aiki ne. Ta Alhusaini ta ci gaba da kwana a akwati.

Na kasa haƙuri na sami Malam Halidu a fada. Na ce masa yaron nan Allah ya ba shi abin da ba a saya, kada a binne shi. Ya yi tari, ya zuba shayi daga kofi zuwa kofi.

"Siddiƙ, sha'anin 'yan biyu na uwarsu ne. Ni abin da nake so in shiga gida in iske shiru. Yanzu akwai shiru."

"Shirun wa, Malam?"

Ya miƙo mini shayi, ya kama wata hira.

Na je wurinta ita ma, na yi mata sannu da ciwon hannu. Ta saurare ni da mutunci, sannan ta ɗaga hannun da ya kumbura. "Malam Siddiƙ, kai ba ka haihi biyu ba. Ni ban son ɗaya ya hi ɗaya. Tatsuniya ta, ba abinci ba. Ƙarami shina da haƙuri, zai manta. Babba in ya riƙe abu, kai ma ka ga abin da ka biyo baya."

Ba ƙarya take yi ba, har zuciyarta ta yarda adalci take yi. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Alhusaini bai manta ba. Aka tura shi lambun wani kawunsu a bayan gari, wai ya samu abin yi. Yana fita da safe ya dawo da yamma, ƙafa duk taɓo. Yara suna bin sa a hanya: 'Yargata za ta fito? Ta ga akuyar? Da farko yana cewa sai an jima. Daga baya ya koma bin bayan layi don kada a gan shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, har ya zama ko baƙo yana iya bambanta su. A grup wasu suka fara zaginsa, wai ya samu suna ya yi girman kai, ya bar mutane a rataye. Lasan da ke da waya yana karanta masa zagin da ƙarfi a tsakar gida, har da maimaitawa.

Wata yamma ya shigo rumfata ta baya. "Malam Siddiƙ, ara mini waya. Babi uku suka rage, duk suna kaina. Ko da murya kaɗai, in fitar da ita daga ramin nan, in huta."

Na ba shi tawa, na sauke labulen buhu. Ya fara ke nan, muryarsa ta dawo yadda na san ta, sai ga babur a bakin rumfa. Lasan ya leƙo, ya juya. Ba a jima ba Uwar Biyu ta iso, mayafi a karkace. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Durƙusawa ta yi a gaban ɗanta, cikin ƙasa, mutanen tasha suna kallo.

"Ƙarami, so kake ta gaba ta kashe ni? In dai nonona ka sha, ka bar abin ga. Ka rantse mini."

Wane ɗa ne zai ga uwarsa a durƙushe? Ya kama ta ya ɗaga, yana cewa Inna tashi, don Allah tashi. Ya rantse. Ya miƙo mini wayar, da kansa ya goge abin da ya fara. Lasan yana tsaye bakin babur, ya harɗe hannu. Na duba fuskarsa ko zan ga daɗi, ban gani ba. Kamar wanda ya ci abinci ya ƙoshi amma bai ji ɗanɗano ba.

Bayan ƙaramar Salla Alhusaini ya ce zai bi Akoli Tchibarakaten haƙar zinariya. Malam Halidu ya ce Allah ya tsare. Uwar Biyu ta yi kuka ta ce ba a raba 'yan biyu, ko su je tare ko su zauna tare. Lasan ya ce shi ba inda za shi, hanyar nan ba ta da kyau. A nan dokar ta tsaya. Ba a ce wa Babba ya bi Ƙarami don adalci ba.

Na ga tashinsu. Ya hau bisa kaya tsakanin jarkoki, sanye da rigar Salla irin ta Lasan sak. Fadimata ta zo da gudu ta tsaya gindin motar.

"Alhusaini, ko a kunne ka gaya mini, ta fito?"

Ya dube ta, ya yi ɗan murmushi. "Na rantse, Fadimata."

Yaron da ya rubuta ramin da bai taɓa shiga ba, yanzu shi ne a cikin rami na gaske, da tocila a goshi. Can ba rezo, waya ba ta shiga sai an hau dutse, kuma ba ya hawa. Akoli ne ke kawo labari: yana lafiya, ba ya magana, masu haƙa suna sauraron littafinsa a gefensa ba su san shi ne ba.

Gidan Malam Halidu ya yi shirun da yake so. Lasan ya koma baburinsa, sai dai har yau ɗayan ake ce masa. Kunama kuwa ta sake harbin Uwar Biyu a damina, wannan karon a ƙafa, Babba yana cikin fara'arsa. Ba ta ce gargaɗi ba ne.

Bayan watanni ta zo rumfata da 'yar ƙaramar wayarta a ƙulle cikin gefen zane. Ta tsaya daga gefe har mutane suka ragu.

"Malam Siddiƙ, sa mini abin nan na Ƙarami. Muryarshi nike son ji."

Sai a lokacin na gane ba ta taɓa saurara ba, ko babi guda. Ta hana, ta raba, ta kulle, ta durƙusa a kan abin da ba ta san ko mene ne ba.

"Nashi kaɗai za ka sa," in ji ta.

Na ce, "Uwar Biyu, ai ke kika ce kada a bambanta. Duk da suna biyu suke farawa, na da kuma kin sa na share. Ga su nan a haɗe, ki zaɓa."

Na san kowane babi da mai shi, amma raina a ɓace yake, ina so ta ji da kunnenta. Na kunna ɗaya. Daga Alhassane da Alhusaini. Ta kara wayar a kunne, ta lumshe ido, ta gyaɗa kai, hawaye ya taho.

"Shi na. Wanga Ƙarami na."

Fadimata tana kan benci tana jiran caji. Ta ɗago a hankali, cikin ladabi ta ce, "A'a Inna, wannan Lasan ne. Nan ne zai kashe damon."

Na kunna wani. Uwar Biyu ta saurara, ta daɗe, ta dube ni, ta dubi yarinyar. Fadimata ta matso ta zauna kusa da ita. "Wannan shi ne. Ji yadda yake tsayawa kafin ya faɗi sunan akuyar."

Haka suka zauna har inuwa ta juya, 'yar mutane tana nuna wa uwa ɗanta. Wannan shi ne, wannan ba shi ba ne. Yaran garin nan da ba su haɗa komai da shi ba, da direbobi, da masu haƙa a hamada, kowa ya san Alhusaini daga numfashi ɗaya. Wadda ta haife shi ta shekara goma sha tara tana auna shi da mudun ɗan'uwansa, duk abin da ya yi sama ta share da hannu, ta kira shi rabo daidai. Irin wannan gidan ba ɗaya ba ne a garin nan, kuma ba sai mai 'yan biyu ba. Ana lallashin mai ture kwano, ana biyan lallashin daga kwanon wanda ba ya magana, sannan a yaba masa da haƙuri.

Da suka kai jana'izar Amastan, Uwar Biyu ta rufe fuska da mayafi. Babin ya ƙare, sai wayar ta yi shiru.

"To sai mi?" in ji Uwar Biyu. "Yarinyar ta hito?"

Fadimata ta dube ni, ni na dubi ƙasa.

"Sa na gaba mana, Malam Siddiƙ."

Na cire memuwar na sa mata a wayarta, na miƙa mata da hannu biyu. Na ce, "Babu na gaba, Uwar Biyu. Tana can ciki inda kika bar ta."